Wuƙar Kofur a Ƙarƙashin Gadar Charing Cross

Tun kuna ƙanana kuke jin kawunku Isa yana cewa ni na kai wuƙar Baba birnin London na lalata ta. Ya faɗa a gidan suna, ya faɗa a gidan biki, har ranar sadakar bakwai ta Inna mahaifiyarmu sai da ya sako zancen. Ban taɓa tanka masa a gabanku ba, don yayana ne, kuma Isa ba mutumin da ake kayarwa a gardama ba ne, sai dai a gaji a bar shi. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ni kuma gwiwoyina sun fara ba ni sanarwa. Saboda haka zan faɗa muku yadda abin ya kasance, ku ji daga bakin wadda ta riƙe wuƙar a hannunta. Na yanke fatar da ke jikinta, wannan gaskiya ne. Amma ban lalata komai ba, kuma da za a mayar da ni wannan shekara, abin da na yi shi zan sake yi.

Kakanku, Kofur Mamman, yana saurayi aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Yawancin 'yan garinmu Funtuwa da suka je yaƙin, Boma aka kai su, suka dawo da labarin daji da ruwan sama da Japanawa. Shi kuwa rabonsa ya kai shi hamadar Masar, inda aka sa rukuninsu gadin fursunonin yaƙi. Ya dawo da tari wanda bai rabu da shi ba, da lambar girma guda, da wuƙa. Gajeriya ce, mai nauyi, da ɗan ƙarfe a lanƙwashe a gefe guda don kare yatsa, da baƙin kube na ƙarfe. Mariƙinta a naɗe yake da jar fata wadda wani baduku ya ɗinke tun kafin a haife ni. Da ita yake yanka kaji, da ita yake fiɗar ragon layya, kuma duk sallah sai ya wasa ta, har ruwanta ya sirance. Labarinta ɗaya ne a bakinsa, bai taɓa ƙarawa ba bai taɓa ragewa ba: wani yaro Bajamushe cikin fursunonin, ko gemu bai fara ba, shi ya ba shi ita.

Wannan labarin ne ya zame masa ƙaya a majalisarsu ta ƙofar tiredar Alhaji Tanko. Tanko ya ce kowa ya san Boma aka kai sojoji, ina Mamman ya ga Bajamushe? Ya ce wuƙaƙen Jamus ga su nan jibge a kantunan Kano, wanda ya ga dama ya saya ya ƙirƙiro mata tarihi. Suka laƙaba masa suna Abokin Jamus, har yaran unguwa suka ɗauka. A waje Baba yana taya su dariya, amma ni ce mai kai masa tuwo, na san ranakun da kwano ke dawowa ba a taɓa shi ba. Mutum ne da bai tara dukiya ba, bai yi sarauta ba. Abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma a kan wannan ɗin aka mai da shi abin nishaɗi.

Da kuɗin mai ya ɓarke a ƙasar, aka yi wa babanku canjin aiki zuwa London, ofishin da ke saya wa gwamnati kaya a titin Northumberland. Ana gobe za mu tashi Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ɗauko wuƙar daga ƙarƙashin matashi ya ajiye a gabana.

"Hauwa, garin da za ki, can ne gidan waɗanda suka kai mu yaƙin. Ba za a rasa wanda ya san wuƙar nan ba. Ki nuna musu. In sun gane ta, su rubuto a takarda, su buga hatimi."

"Baba, takarda ce za ta sa Alhaji Tanko ya yi shiru?"

"Tanko bai iya karatu ba, amma yana tsoron hatimi."

Na yi dariya na karɓa, na cusa ta a akwati tsakanin ƙullin daddawa da na kuka. Abin da ban sani ba shi ne, tun kafin motarmu ta bar gari Baba ya riga ya sanar a majalisa cewa 'yarsa za ta kawo shaida daga London. Daga nan duk wasiƙar da Isa ya rubuto, bayan gaisuwa sai ya ce Baba na tambaya, Tanko ma na tambaya.

Mun zauna a Catford, a wani flat na ƙasa mai ɗan fili a baya. Waɗanda ba su ga shekarun nan ba ba za su gane ba. Gidanmu ya zama tasha. Yau ɗan'uwan babanku ya zo sayen firji, gobe matar wani darakta ta zo sayen leshi da zinari, kowa da akwatunan da suka fi shi girma. Masu kantuna a Lewisham har sun koyi cewa sannu. Babanku, Allah Ya ba shi rahama, mutumin kirki ne mai sakin hannu, amma aikin ya shiga kansa. Kullum yana sa hannu ana loda jiragen ruwa da siminti da motoci, har ya kai ga ganin babu abin da ba a samu a London in mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shi ya zo mini da labari daga wani Bature akawun ofishinsu, cewa duk Asabar akwai kasuwa a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta Charing Cross, inda masu tara kayan yaƙi ke haɗuwa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba su da zance sai irin wannan wuƙa.

Ranar Juma'a da yamma na yi abin da kowace 'yar mutunci za ta yi. Ba a kai wa mutane wuƙar uba da tsatsa, a dakushe. Babu toka a gidan gas, sai na samo soson ƙarfe da lemun tsami na dirje ta har tana ɗaukar ido, sannan na zauna a dakalin ƙofar baya na wasa ta a jikin dutsen. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Baturiya, ta leƙo ta saman shinge ta gan ni, ta koma ciki da sauri ta ja labule. Ban damu ba, na gwada kaifin a jikin albasa na ji ya yi.

Kasuwar wuri ne mai danshi da duhu-duhu, jirage na wucewa a sama ƙasa na rawa. Tebura ne jere, da hulunan ƙarfe da lambobi da tsofaffin kakin soja. Babanku na gaba da kwat ɗinsa, ni ina baya da mayafina, kowa na kallonmu. Da muka isa teburin da aka kwatanta mana sai na tsaya cak. Ga wuƙar Baba nan, ba ɗaya ba, ba biyu ba, jere a cikin gilashi. Tsawon ɗaya, kuben ɗaya, lanƙwasar ƙarfen ɗaya. Sai dai su mariƙinsu baƙi ne, ba fata, kuma a tsakiyar kowanne an dasa wani ɗan tambari ja da fari, mai kusurwa huɗu kamar yankan kantun riɗi, da alamar nan mai karyayyun hannaye a ciki. Na san alamar, ta gwamnatin Jamus ce ta lokacin yaƙin. Na yi makarantar horon malamai, kuma a talabijin ɗin London na ga hotunan abin da aka aikata a ƙarƙashinta. Mai teburin ya bayyana mana cewa gwamnatin Jamus ta lokacin ce ke ba samarin ƙungiyarta wannan wuƙa, yara 'yan makaranta, kafin su girma a tura su fagen daga. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji ƙyama, na kuma ji tausayin yaran, duk a lokaci guda.

Mutum biyu ne manyan wurin. Na manta sunayensu na gaskiya, don tun ranar na sa musu nawa. Mai teburin gajere ne mai tumbi, lofe ba ya barin bakinsa, shi ne Mai Lofe. Ɗayan siriri ne mai tsawo, ba ya sayar da komai, sai dai ya zagaya yana ƙaryata kayan mutane, shi ne Dogo. Da na zaro wuƙar Mai Lofe ya ga yadda take sheƙi, sai ya dafe kai ya tambaya wa ya yi mata wannan aika-aika. Na ce ni ce, jiya. Ya ce tsatsar da na kankare ita ce shekarun wuƙar, su a wurinsu ba a wanke irin wannan kaya, ba a wasa shi. Na ce masa a garinmu wuƙar da ba ta yanka ba wuƙa ba ce, kuma kafin ni ubana ya shekara talatin yana wasa ta. Babanku ya taka mini ƙafa. Har yau ban ga laifina ba, wuƙa dai an yi ta ne don yanka.

Nan gardama ta kaure, mutane suka taru a kanmu. Mai Lofe ya auna ta a tafin hannu ya ce nauyin daidai ne, fentin kuben na lokacin ne. Ya sa gilashi a ido ya karkata ta wajen fitila, ya rantse yana ganin inuwar rubutun da ake yi a ruwan wuƙaƙen farko, wanda washi ya cinye. Dogo ya karɓi gilashin ya duba, ya ce shi ba ya ganin komai sai ƙarcen soso, kuma mai son ganin rubutu zai gan shi ko a jikin cokali. Ya ce bayan yaƙi maƙeran Jamus sun tashi da tarin ruwan wuƙa da kube da ba a harhaɗa ba, ga yunwa, sai suka yi ta harhaɗawa suna sayar wa duniya, har Afirka. Ƙarfen na gaske ne, amma wuƙar ba ta taɓa ganin yaƙi ba. Ya ƙara da cewa ba a barin fursuna da wuƙa. Wato dai maganar Alhaji Tanko ce, an sa mata kwat da laktaye. Jinina ya hau, na ce masa da Turanci ubana ba maƙaryaci ba ne.

"Ban ce maƙaryaci ne ba, uwargida," in ji Dogo. "Ban san mahaifinki ba. Ƙarfe kawai na sani, shi ma ba duka ba."

Abu ɗaya suka yarda a kansa su biyun. Amsar tana ƙarƙashin fatar. In aka ga yadda aka dasa tambarin da irin ƙusoshin da suka riƙe mariƙin, za a san ko aikin lokacin yaƙi ne ko na bayansa. Mai Lofe har ya ɗauko reza. Na fizge wuƙata na ce sai na yi shawara.

Shawarar da wa? Babu waya a gidanmu na Funtuwa. In na rubuta, Isa ne zai karanta wa Baba, kuma abin da Isa ya karanta da safe, kafin azahar ya isa tiredar Tanko. Na daɗe ina juya abin a raina ina hidimar baƙi. Fatar nan tun ina rarrafe nake ganinta a hannun Baba, gumin hannunsa ya mai da ita kusan baƙa. Amma amsa ya aiko ni nema, ba ajiya ya ba ni ba. Wata safiya bayan babanku ya tafi ofis, na yi bisimilla na bi ɗinkin da reza a hankali, da niyyar in an gama a mayar. Fatar ta tsufa, ta ƙi, ta yi ta ɓarɓashewa a hannuna. Da na gama ɓarewa sai ga baƙin mariƙi irin na cikin gilashin. A tsakiyarsa kuwa babu tambari. Rami ne kawai mai kusurwa huɗu, an cike shi da ƙaro, gefensa duk ƙarce kamar an yi kokawa da shi. Na zauna a kicin na yi ta kallonsa, don ban san ko gaskiyar Baba na tono ko akasinta ba.

Da muka koma Asabar, maimakon gardama ta mutu sai ta haihu. Mai Lofe ya ce wannan shi ne shaidar, ai bayan an ci Jamus mutane da yawa sun ɓamɓare tambarin don tsoro, wanda ya harhaɗa ta jabu kuwa tambarin zai fara saka wa. Dogo ya ce an sayar da dubbansu ba tambari, kuma rami ba ya faɗin wanda ya haƙa shi ko yaushe. Ƙusoshin ma suka rabu a kansu, wannan ya ce irin na da ne, wancan ya ce irinsu aka ci gaba da bugawa bayan yaƙi. Sauran masu kallo suka kasu biyu, har wani ya buga tebur. Ni da na zo neman hatimi ɗaya, sai na tarar Turawan ma majalisa gare su, tasu dai a ƙarƙashin gada take.

Da taron ya watse Mai Lofe ya ja mu gefe. Ya ce shi ya yarda wuƙar ta gaske ce, amma ba zai iya sa sunansa a takarda a kan wuƙar da ba rubutu ba tambari ba, abokan sana'a za su yi masa dariya. Sai dai akwai hanya. Ya buɗe wani ɗan gwangwani ya nuna mana tambari guda, na asali, wanda ya ciro daga wata wuƙa da ta karye. Zai dasa shi a ramin, ya ɗan tsufar da gefen yadda ba mai ganewa, sannan ya rubuta takarda a kan takardar shagonsa, da hatimi ja. Fuskar babanku ta washe. Ya miƙa hannu za su gaisa, ni kuwa na mayar da wuƙar kube na ce za mu dawo.

Da muka koma gida Catford, babanku ya cire kwat ya juyo wajena.

"Hauwa, mene ne kuma? Mutumin nan ya yi mana offer mai kyau. Ba forgery ba ne, ba jabu za a yi ba, restoration ne, gyara kawai. Tambarin na gaske, wuƙar ta gaske."

"Malam, wannan tambarin Baba ya zo da shi daga Masar?"

"Wa zai sani a Funtuwa? A sake naɗe ta da fata, shi ke nan. Tsoho ne, kwana nawa ya rage masa? Ki bar shi ya ɗaga kai a gaban Tanko ko sau ɗaya."

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta shige ni, don ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, yana ƙaunar Baba. Na hango Baba yana miƙa wa Tanko takarda, na hango majalisa ta yi tsit, na ji daɗin hoton har cikin raina. Amma na kasa wuce abu biyu. Na farko, Baba ya aiko ni a shaidi abin da ya kawo, ba abin da London ta ƙara masa ba. Mutumin da duk arzikinsa shi ne bai taɓa ƙarya ba, in na kai masa takardar da aka gina a kan dashe, na sa shi ya yi ƙaryarsa ta farko da bakinsa bai sani ba, kuma ni 'yarsa ce na ɗora masa. Na biyu, alamar nan ba za ta shiga wuƙar da ake yanka wa gidanmu nama da ita ba, ba da hannuna ba. Na faɗa masa haka. Ya ce taurin kaina irin na Kofur ne, na ce na gode. Ya daɗe yana fushi, don ya riga ya gaya wa akawun ofishinsu an gama magana, kuma a shekarun nan babban ma'aikacin Najeriya bai saba a ce ya nemi abu a London ya dawo hannu sake ba.

Ni kaɗai na koma na gaya wa Mai Lofe na fasa. Ya ɗaga kafaɗa ya rufe gwangwaninsa. Ina fitowa daga ƙarƙashin gadar sai ga Dogo ya biyo ni, ashe ya ji komai. Ya cire hula, abin da bai yi mini ba a baya.

"Har yanzu ba zan rubuta miki cewa ta gaske ce ba, don ban sani ba. Amma da kin bar shi ya dasa, da na san tabbas ta zama ta ƙarya. Yadda take ɗin nan, tana iya zama gaskiya. Kada ki bari kowa ya taɓa ta."

Abin mamaki, wanda ya ƙaryata ni shi na fi ganin girmansa. Wannan ne iyakar abin da London ta ba ni, kuma ba a buga masa hatimi.

Da damina babanku ya sami hutu muka zo gida. Isa ne ya fara ganin wuƙar tsirara, ya ɗaga murya a tsakar gida cewa an ba ni amana na kai wa Turawa sun fiɗe ta kamar akuya, sun sace abin da ke ciki. Ban kula shi ba. Na shiga ɗakin Baba na durƙusa. Ya rame, tarin ya ƙaru, amma ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya naɗa rawani, don tun safe an san na iso kuma majalisa ta cika. Ganin rigar nan ya fi komai yi mini ciwo. Na ajiye wuƙar a gabansa na faɗa masa duka, da dirzar, da yankan fatar, da Mai Lofe, da Dogo, da gwangwanin, ban rage komai ba.

"To, sun ce ƙarya nake?"

"Ɗaya ya ce gaskiya ne, ɗaya ya ce bai sani ba."

"Takarda fa?"

"Babu, Baba. An ba ni, na ƙi."

Ya dubi wuƙar. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya gyara rawani, ya fita hannu sake. Na bi shi har zaure na laɓe. Na ji muryarsa yana cewa babu takarda, Turawan sun kasa shiryawa a tsakaninsu. Na ji Tanko ya ce wani abu, sai dariya ta tashi, irin wadda ake bubbuga gwiwa. Na tsaya a zauren nan na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ku sani, dariyar ba ta tsaya a ranar ba. Har Baba ya koma ga Mahaliccinsa Abokin Jamus suke ce masa, kuma ranar ta'aziyyarsa da wannan sunan Tanko ya yi masa addu'a. Ni na jawo masa wannan, da ido buɗe, ba na kuma ɗora wa kowa.

Amma ranar, bai daɗe a waje ba ya dawo. Ya same ni a zaure, ya ce in biyo shi. Ya zauna a bakin gado, ya ɗauki wuƙar, ya sa farce ya ƙwaƙule ƙaron da ke ramin har ya fita, ya ɗora babban yatsansa a ciki. Sai ya ba ni abin da bai taɓa ba kowa ba. Ya ce a takalmin yaron ya gano wuƙar wajen bincike. Da ya kai rahoto, da an yi wa yaron hukunci mai tsanani, shi kuwa ya dube shi ya ga sa'an ƙaninsa ne, sai ya mayar masa da takalmin ya wuce. Ana gobe za a kwashe su zuwa wani sansani, yaron ya kira shi bayan tanti da hannu. Ya zaro wuƙar, ya dubi tambarin, ya dubi fuskar Baba, sai ya ƙi miƙowa. Ya samo ƙusa ya zauna a rana yana haƙa, ƙusar na zamewa tana yankar masa yatsa, jini na zuba, bai daina ba sai da abin ya fita. Ya jefa shi a yashi ya danne da diddige. Sannan ya miƙo wuƙar da hannu biyu. Baba ya ce a lokacin bai san ma'anar alamar ba, sai daga baya. Fatar kuwa, ramin ne ke cin masa tafin hannu wajen fiɗa, shi ya sa ya kai wa baduku.

"Ban san sunansa ba, ban ji yarensa ba. Ramin nan shi ne duk maganar da ya yi mini. Da kin bari sun toshe shi, da ba wuƙata kika dawo mini da ita ba."

Na ce masa me ya sa bai taɓa faɗin wannan a majalisa ba.

"Wanda bai yarda da wuƙa ba, zai yarda da rami?"

Ya mayar da ita kube, ya juyo da mariƙin wajena. Na ce Baba ai Yaya Isa ne babba, kuma namiji.

"In na ba Isa, gobe da safe zai kai ta wurin baduku a rufe ramin. Riƙe."

Na karɓa da hannu biyu. A waje har lokacin ba su gama dariya ba.